Rumfar Yaya Tukur a Bakin Dam

Yayana Tukur ya dawo gida da kaka, lokacin da ake kai dawa rumbu. Ya daɗe a Badagiri, wani gari a bakin teku can bayan Legas. Tun ina ƙarami ya tafi, sai dai ya zo Sallah ya kwana biyu ya koma. Matarsa Habiba da 'yarsu Mufida suna gidanmu a Talata Mafara, tare da ni da Inna. Ni ne Mas'ud, shinkafa nake nomawa a filin noman rani da ke kan hanyar Bakura.

Aikin Yaya can shi ne kula da baƙi. Maigidansa yana da wurin hutawa a bakin teku, shi kuma ya jera kujeru, ya buɗe laimomi, ya gasa kifi, in baƙi sun so ganin gari ya raka su. Da la'asar idan mun zauna tsakar gida sai ya yi ta ba mu labari. Akwai wani tsohon bene da ake zuwa kallo, akwai gidan tarihi inda aka ajiye sarƙoƙin da aka ɗaure bayi da su, akwai inda ake shiga jirgi a haye, a taka da ƙafa har wurin da aka riƙa loda mutane zuwa ƙasashen da ba a dawowa. Ya ce in an gama wannan zagayen jikin kowa sanyi yake yi, sai a komo bakin ruwa ƙarƙashin itatuwan kwakwa a zauna shiru.

Habiba tana tankaɗe ta ce, "Wato mutum ya baro gidansa, ya sha hanya, don dai ya zauna ya kalli ruwa?"

"Ya kalli ruwa, ya ci kifi, ya yi hoto, ya koma gida da sanyin rai."

"To ga randa nan, Baban Mufida. Jawo kujera."

Muka yi dariya har da shi. Inna tana gefe tana ɓarar gyaɗa. Yaya ɗanta na fari ne, ba ta kiran sunansa, kuma magana mai nauyi ba ta yi masa kai tsaye. Ni take bi da ita.

"Mas'udu, tambayi yayanka, wanga karon kwana nawa ya zo yi muna?"

Yaya ya sunkuyar da kai. Ya ce teku ya cinye gefen wurin maigidansa, ana gyara, an sallami ma'aikata sai bayan ƙaramar Sallah. Sannan ya faɗi abin da ke ransa. Yana so ya yi irin wurin nan a bakin dam ɗin Bakolori, ta wajen Maradun. Mutanenmu ba su da inda za su je ranar Sallah sai gidan 'yan'uwa da bakin titi.

"In abin ya tsaya kafin Sallah, Inna, na zauna ke nan. In bai tsaya ba, sai in koma, kada a ba wani gurbina."

Inna ba ta ɗago ba. Ta ce, "Allah shi tsayar." Habiba kuwa ta ci gaba da tankaɗe garin da ta riga ta tankaɗe.

Washegari na ɗauke shi a babur muka tafi. Ni dam ɗin nan tun ina yaro da aka kai mu kallon ƙofofinsa ban ƙara zuwa ba, duk da cewa ruwansa nake noma da shi. Da muka bi ta bayan wani ƙauye muka ɓullo, sai da na tsayar da babur. Ruwa ne fal, ya cika har gindin itatuwa, ba ka ganin ɗaya ƙetaren sai wani baƙin layi. Ga belbela, ga kwale-kwalen masunta can nesa kamar ɓawon gyaɗa. Yaya ya cire takalmi, muka yi ta bin gaɓa. Inda duwatsu suke ya ce a'a. Inda gaɓar ta yi tsayi ya ce yara za su faɗa. Sai muka iso wani wuri shimfiɗaɗɗe, ƙasa mai laushi, ya shiga ruwa ya yi tafiya mai nisa bai wuce gwiwarsa ba.

Ya ɗago hannu ya kira ni. "Nan ne, Mas'ud! Nan ko jariri ka saki ba abin da zai same shi."

Kafin mu shiga ƙauyen ya riƙe mini hannu. "Kada ka faɗa wa kowa abin da za mu yi da wurin sai ya tsaya. Ka san baki. Rumfa za mu kafa, shi ke nan."

Mai gari ya tura mu wurin wani dattijo, Baba Ishaku, ya ce gefen nan nasa ne. Muka same shi ƙarƙashin tsamiya yana tufka igiya. Muka durƙusa, aka gaisa, aka tambayi gida da iyali da gajiya da kaka da mutanen Mafara, aka sake zagayowa. Sannan Yaya ya ce muna roƙon wurin kafa rumfa a bakin ruwa.

Baba Ishaku ya dube mu. "Rumfa dai? Ku kafa, ɗiyana. Rumfa ba ta cin ƙasa. Shayi za a sayar ko abinci?"

"Da ɗan abin taɓawa dai, Baba."

"Madalla. Da rani mutane na yawa nan wurin."

Yaya ya taɓa ni da gwiwar hannu. A hanya ya ce, "Ka ji ko? Tun ba a yi komai ba mutane na zuwa."

Aka fara aiki. Yaya bai yi ƙaramar rumfa ba. Turaku masu kauri ya sayo, ya haƙa musu ramuka ya zuba siminti, don ya ce a bakin ruwa iska ba ta da mutunci. Aka yi jinka da ciyawa mai kyau. Ya sa masu jakuna suka yi ta kawo farin yashi daga gulbi ana bazawa daga rumfar har bakin ruwa. Habiba ta ɗinka wani ƙyalle shuɗi da za a zagaye baki da shi, tana ɗinki tana yi mini tsiya, wai in wurin ya tashi ni za a sa wankin kwanuka tunda hannuna ya saba da laka. Mutanen ƙauye in sun zo wucewa sai su tsaya su ce sannunku da aiki, su dubi simintin, su dubi yashin, su wuce.

Ranar da muka gama jinka, sanyi ya fara shigowa, na lura ruwa ya ja baya. Inda muka tsayar da yashi ya bushe, sai ka yi 'yan taku kafin ka taɓa ruwa.

Na ce, "Yaya, kamar ruwan nan ya matsa."

Ya yi dariya. "Ƙauyanci. Babban ruwa haka yake. Teku kullum sai ya ja baya, har ka tsinci ƙaguwa inda ɗazu ruwa yake, can kuma ya dawo ya tarar da kai. Numfashi yake yi."

Na yarda. Shi ya zauna da babban ruwa, ni kwatar ban ruwan gona kawai na sani. Kuma na san dam yana raguwa da rani, kowa ya san wannan, amma ni a raina kamar randa yake raguwa, ya yi ƙasa kaɗan yana nan inda yake.

Daga nan kowa ya shiga hidimarsa. Ni dashen shinkafa ya taso. Bana an saki ruwa da kyau, kwata cike take, duk safiya in na buɗe bakin fangalina ruwa ya shigo sai in yi hamdala. Yaya ya tafi Gusau ya sayo kujerun roba da manyan laimomi masu launi, ya tara su a zaure. Da azumi ya kama, sai ya ce yanzu abu ya tsaya, a faɗa. Yana gasa nama a bakin kasuwa da yamma don a samu na cefane, duk wanda ya tsaya saye sai ya ji labari. Ya bi majalisar 'yan acaɓa, ya je Maradun, ya aika garuruwan Kaya da Tsibiri, ni kuma na faɗa wa abokan noma na wajen Bakura. Washegarin Sallah, kowa ya zo bakin ruwa. Ga rana ga ƙishirwa, ba wanda ya yi tunanin komawa ya duba rumfa. Rumfar siminti ina za ta je?

Ranar jajibere da hantsi muka ɗauki hayar mota muka loda kujeru. Da muka ɓullo bayan ƙauyen, na ɗauka direba ya ɓata hanya. Ga rumfa nan tsaye, lafiya lau, ga farin yashinta. Amma inda yashin ya ƙare, dankali ne ya fara. Kore shar, kunya bayan kunya, daga shi sai wake, daga wake sai kankana, mutane a sunkuye nan da can suna aiki. Ruwa kuwa yana can nesa, wani siririn abu mai walƙiya, sai ka kare ido da hannu kafin ka gane shi.

Direba ya leƙo. "Nan ne bakin ruwan?"

Yaya ya sauka, ya taka har ƙarshen yashi ya tsaya. Ya daɗe a tsaye.

Baba Ishaku ya taso daga cikin dankali da fartanya a kafaɗa. Aka gaisa, aka tambayi azumi. Ya dubi kujerun da laimomin.

"Kun makara, ɗiyana. Tun da anka fara shuka munka yi ta zuba ido ku kawo shayi. Waɗanga kujeru kuma na wa?"

Yaya ya ce a hankali, "Baba, ina ruwa?"

"Ruwa? Ga shi can."

"Yaushe zai dawo?"

"In Allah ya kai mu damina, ta yi nisa. Sannan shina zuwa har gindin rumfar taka."

Sai a lokacin Yaya ya buɗe masa komai, da Badagiri, da baƙi, da mutanen da aka gayyato jibi. Baba Ishaku ya ajiye fartanya ya riƙe haɓa.

"Ashsha. Mi ya hana ka faɗa tun farko? Ai da na ce maka. Mu nan bin ruwa mukai. Gonakin iyayenmu na ƙarƙashinsa tun da anka yi dam. In ya ja, kowa ya san tsirin gonar gidansu, sai shi bi shi da shuka, yau nan, wani mako gaba. Da munka ga kana zuba siminti, munka ce wanga yaro mai shayi ne mai son ƙarko."

Ya juyo gare ni. "Kai ba shinkafa kake nomawa ba? To ruwan yayanka na can cikin gonarka."

Duk safiyar da na yi hamdala a bakin kwata ta dawo mini.

Baba Ishaku ya ga fuskar Yaya, sai ya so ya sassauta. Ya ce, "Amma kada ka damu. Sallah kowace shekara matsowa take yi baya. Ka ba ta 'yan shekaru, za ta faɗo lokacin sanyi, ita da ruwa su haɗu a rumfarka. Simintinka zai kai."

Direba ya fashe da dariya har yana dukan sitiyari. Yaya ma ya yi murmushi, irin wanda ba ya kai ido. Muka sauke kujeru muka jera cikin rumfa, tunda an riga an kawo su.

Da muka koma gida bai ɓoye ba. Ya faɗa a tsakar gida, kowa na ji. Habiba ta buɗe baki za ta yi zolaya, ta dubi fuskarsa ta fasa. Bayan an sha ruwa na ga ya sauko da jakarsa daga kan ƙusa ya karkaɗe ta.

Inna ta ce, "Mas'udu, mi yayanka ke nema cikin jaka?"

Shi ya amsa. "Ba komai, Inna. Jibi zan je in ba mutane haƙuri, tunda ni na kira su. In an kwana biyu sai in kama hanya."

Inna ta tashi ta shiga ɗaki. Ranar Sallah aka yi tuwo da miyar kaji kamar kullum, aka je Idi aka dawo, amma gidan ba hayaniya. Habiba ta yi ado, ta zauna bakin ƙofarta tana gyara wa Mufida ɗankwali, ta kwance ta sake ɗaurawa.

Washegari muka riga kowa isa. Ni da na so kada kowa ya zo. Amma kafin rana ta yi tsaka sai ga babura, ga motoci biyu daga Mafara, ga 'yan Maradun a ƙafa. Bana hanya ta yi sauƙi, mutane sun gaji da zaman gida. Maza da sababbin shaddodi, mata da lalle har idon sawu, yara da tabarau na roba. Habiba ma ta zo da Mufida. Duk suka tsaya a kan farin yashi suna kallon dankali.

Zaharadeen, wani ɗan acaɓa abokin Yaya tun na yarinta, shi ya fara.

"Tukur, ina tekun? Ko an kai shi wanki?"

"Ku zauna ku huta," in ji wani. "Yanzu ganyen dankali zai fara igiyar ruwa."

Wata budurwa mai suna Hindatu ta ce wa ƙawayenta, "Ni da na sani da bayan gidanmu na zauna, mu ma muna da wake."

Yaya ya tsaya gaban rumfa ya ba da haƙuri. Ya ce kuskurensa ne, ga inuwa ga kujeru, wanda ya so ya zauna a gasa masa nama. Amma ba wanda ya zo don inuwa. Zaharadeen ya nuna can nesa ya ce, "Ai ga ruwan can. Mu je mana!" Samari suka ɗunguma, yara suka ruga gaba, kai tsaye cikin kunyoyin dankali. Na hango Baba Ishaku can ya miƙe tsaye, hannunsa biyu a ka.

Ban taɓa jin Yaya ya ɗaga murya ba sai ranar.

"Ku tsaya! Zaharadeen, dawo da yaran nan! Abincin mutane ne kuke takawa!"

Ya ruga ya sha gabansu ya buɗe hannuwa. Aka tsaya. Wani ya ce, "To kai ka kira mu, kai kuma ka hana mu?" Yaya bai kula shi ba. Ya je wurin Baba Ishaku ya durƙusa, shaddarsa a cikin ƙasa.

"Baba, ta ina kuke bi in za ku bakin ruwa?"

Baba Ishaku ya nuna wata 'yar siririyar hanya tsakanin gonarsa da ta ƙanensa, wadda faɗinta bai wuce na mutum ɗaya ba. Ya ce tana kaiwa har inda masunta ke ɗaure kwale-kwale, can ƙasar tsakuwa ce, ba laka.

Yaya ya dawo. Muryarsa ta canza, ta zama ta mai aikin da ya saba. "Jama'a, layi ɗaya. Wanda ke son zama ya ɗauki kujerarsa a ka. Yara a tsakiya, babba gaba babba baya. Wanda ya taka ganye shi zai wanke mana kwanuka. Mas'ud, ɗauko laimomi."

Haka muka tafi. Doguwar hanya ce, tana lanƙwasa nan ta lanƙwasa can. In ka waiwaya sai ka ga mutane reras cikin kore, kowa da kayan Sallah da kujerar roba a ka. Manoma suka bar aiki suna kallo, ana yi musu barka da Sallah suna amsawa. Yaya yana gaba, kuma bakinsa bai yi shiru ba. Abin da ya ji shekaranjiya a bakin Baba Ishaku shi yake faɗa, cewa nan da muke takawa da damina kifi ke yawo, kuma kowane tsiri na gidan wani ne tun kakanni. Wani malamin makaranta ya tsaya yana tambayar Baba Ishaku ina tsohon garinsu yake, shi kuma ya nuna masa da baki, can tsakiyar ruwa. Hindatu ta cire takalminta mai tsini ta riƙe a hannu tana cewa ba za ta yafe wa Tukur ba, amma ba ta koma ba. Baba Ishaku ya biyo mu a ƙarshe, yana duba gefen hanya, in ya ga reshen dankali ya karkato sai ya mayar da shi da ƙafa.

Da muka iso, iska ta buso daga ruwa, surutu ya ragu da kansa. Wurin ba farin yashi, tsakuwa ce da ƙarnin kifi. Masunta suna da 'yan rumfunansu na kara da zana, marasa nauyi. Yaya ya kafa laimomi ya danne gindinsu da duwatsu, ya sayi kifi a hannun masunta yanzu-yanzu daga ruwa, ya hura gawayi. Yara suka shiga ruwa iya idon sawu, iyaye na tsawa. Wani masunci ya riƙa ɗaukar mutane kaɗan-kaɗan a kwale-kwale ya zagaya da su kusa ya dawo. Zaharadeen ya shiga da bugun ƙirji, da jirgin ya ɗan girgiza sai ga shi ya rungume masuncin yana salati, mata suna ta shewa.

Na kai wa Habiba kifi. Tana zaune ƙarƙashin laima, Mufida a cinyarta, ta zuba wa ruwa ido.

Na ce, "Matar Yaya, da randa da wannan wa ya fi?"

"Tafi ka ba ni wuri, sarkin laka. Ba ka ga ina hutawa ba?"

Ba kowa ya ji daɗi ba. Wasu tun a rumfa suka juya, wasu suka yi ta ƙorafin nisa, kifi kuma bai isa ba. Da la'asar ta yi aka yi sallah a kan tsakuwa, aka fara haramar tafiya don kowa ya isa gida da sauran rana. Aka sake ɗora kujeru a ka.

Muna naɗe laimomi Baba Ishaku ya zo ya tsuguna kusa da Yaya. Yaya ya miƙa masa kifin da ya ɓoye masa. Ya ci a hankali, yana cire ƙaya.

Ya ce, "Na duba. Reshe biyu ko uku sunka karye, tun na farko. Ba komai."

"A yi haƙuri, Baba."

"Na ce ba komai." Ya nuna rumfunan masunta. "Ka ga waɗanga? In ruwa ya matsa, mutum biyu ka ɗaga su su bi shi. In ya taso, su ja baya. Mu nan ba mu kafa abin da ba mu iya ɗauka. In kana so, hanyar nan tawa ce da ta ƙanena, ka riƙa bi da mutanenka ranar Juma'a ko in ana biki. Sharaɗi guda, kai ka shige gaba kamar yau. In ba ka nan, ba mai bi."

Yaya ya ce, "Baba, abin da za a samu nan ba zai kai na can ba."

"Ban san na can ba. Ni na nan na sani."

Yaya ya ɗaure laima ta ƙarshe. Muka mayar da kaya rumfa, muka roƙi wani maƙwabci ya sa ido. Habiba da Mufida suka bi mota, ni na ɗauko Yaya a babur. Da muka hau tudu inda waya ke kamawa, ya taɓa kafaɗata ya ce in tsaya. Ya sauka ya matsa gefe ya kira maigidansa. Da Yarbanci da Turanci suka yi maganar, ban ji ko ɗaya ba. Na dai ga yana rusunawa kamar mutumin na gabansa, ya daɗe yana godiya. Da ya dawo ya hau ya ce, "Mu je." Na tayar da babur.

Mun isa gida rana ta kusa faɗuwa. Inna tana tsakar gida tana ba awaki dusa. Ta dube ni.

"Mas'udu, an ba mutanen haƙuri?"

Yaya ya durƙusa nesa kaɗan da ita. "Inna, na kira maigidana. Na ce ya ba wani gurbin. Abin bai tsaya yadda na so ba, sai na riƙa haɗawa da gashin nama, in Mas'ud ya yarda kuma in kama masa aikin gona. Amma ina nan."

Habiba tana bakin madafa da ludayi a hannu. Ta juya da sauri ta shige ciki, sai ƙarar tukwane muka ji.

Inna ta ci gaba da zuba dusa har ta ƙare. Ta karkaɗe ƙwaryar, ta kife ta.

"Mas'udu, gaya wa yayanka katangar bayan gida ta tsage tun bara, kuma rufin awaki na yoyo. Tunda shina nan, shi duba su kafin ruwa ya sauka."

Yaya ya ce, "To, Inna."

"Da ƙofar zaure. Ba ta rufuwa."